Yadda ake karɓar karen pitbul da aka yasar, a yi jinyarsa, a nemo masa gida

Gidajen ajiye dabbobi irin na Amurka da Ingila ba su yaɗu a ƙasar Hausa ba. A Katsina da Daura, karen da mai shi ya gaji da shi yakan ƙare ne a hannun likitan dabbobi, ko mai gadin gida, ko wani mai tausayi da ya tsince shi ɗaure a kango. Yawancin irin waɗannan pitbul an sayo su ne suna kwikwiyo daga Kano ko Kaduna ko Jos, don gadi ko don burgewa, da suka girma abinci ya gagara, ƙarfinsu ya fi ƙarfin gidan. Wannan bayani na wanda irin karen nan ya faɗo hannunsa ne.

A fara da sanin wane ne shi. Asalinsa daga Ingila ne, inda aka haɗa irin karnukan da ake sa su kokawa da bijimi da wasu ƙanana masu zafin nama. Da aka hana wasan bijimin a 1835, masu caca suka koma haɗa kare da kare, daga baya aka ƙetara da su Amurka. Namiji yakan kai kilo 16 zuwa 27, mace 14 zuwa 23. Tarihin nan ya bar masa abu biyu da dole a yi aiki da su: saurin tsokanar ɗan'uwansa kare, da naci idan ya kama abu. Maganar da ake yi cewa muƙamuƙinsa na kulle kamar kwaɗo ba ta da tushe, ƙashinsa irin na kowane kare ne, taurin kai ne kawai. Kuma ba duk mai faffaɗan kai da gajeren gashi ne pitbul ba. Ko ma'aikatan gidajen dabbobi na Amurka sukan yi kuskure idan da ido suka yanke hukunci, balle a nan da ake haɗa shi da bowabul, wani babban karen gadi, ko karen gida a sayar da sunansa.

A 2007 hukuma ta kwashe karnuka kusan 50 daga gidan ɗan wasan Amurka Michael Vick a jihar Bajiniya, inda ake haɗa su faɗa. Al'adar lokacin ita ce a kashe su duka. Sai aka duba su ɗaya bayan ɗaya, aka bar 47 da rai, da dama suka zauna a gidajen mutane. A ɗaya gefen kuma, Birtaniya ta hana mallakarsa tun 1991 sai da izinin kotu. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa aikin yake buƙatar a auna kowane kare shi kaɗai, ba da gaggawa ba.

Wurin da zai sauka

Kada a ɗauko kare kafin a gama ɗakinsa. Faɗin mita 2, tsawon mita 3, daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa magudana don ruwan wanki ya fita. Katanga ko raga ta kai mita 1.8, a kuma rufe saman, domin pitbul yana tsalle yana kuma hawa raga kamar tsani. A sa mai walda ya yi ƙofa da sakata biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, mai buɗewa ciki. Ragar kaji ba ta riƙe shi ko na dare ɗaya.

Rufin kwano tsirara a watan Afrilu tanda ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yana wuce digiri 40, shi kuwa kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki. A kafa ɗakin ƙarƙashin bedi, ko a shimfiɗa zana a kan kwanon da tazarar da iska za ta ratsa. Da hunturu kuma akasin haka ne: gashinsa gajere, ba shi da kitse, sai an sa masa katako da tsohon bargo ya kwanta, kada ya kwana kan siminti.

Ruwa ya zauna kullum a kwano mai nauyi da ba zai kifar ba. Kare mai kilo 20 yana shan lita 1 zuwa 1 da rabi a rana, da bazara ya ninka.

Ba a ɗaure shi da sarƙa a turke. Karen da ya yini a sarƙa ba shi da hanyar kauce wa abin da ke tsorata shi, sai ya koyi kai hari, kuma da yawa daga cikin cizon da ake yi wa yara a bakin turke ake yin sa.

Kwana 14 na farko

A killace shi mako biyu, kada ya haɗu da wani kare, kada yara su shiga. Mutum ɗaya ko biyu su riƙa kula da shi, kuma ya kyautu su yi rigakafin haukan kare tun kafin a cije su, allura biyu, ta biyun bayan kwana 7. A rana ta farko ko ta biyu likitan dabbobi ya gan shi, ya auna nauyinsa a sikeli, domin duk maganin da zai biyo baya da kilo ake lissafa shi.

Haukan kare shi ne babban abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Duk karen da ba shi da katin rigakafi a ɗauka ba a taɓa yi masa ba. Ana yin allurar daga wata 3 da haihuwa, a maimaita duk shekara, kuma sai bayan kamar kwana 28 take fara kare shi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana sarrafa ta. A tabbata daga firji ko kula mai ƙanƙara aka ciro ta, allurar da ta sha zafi ruwa ce kawai.

Akwai ruɗani a kan kwana 10 da ake faɗa. Wannan na karen da ya ciji mutum ne: idan ya cika kwana 10 lafiya lau, to babu ƙwayar cutar a yawunsa ranar cizon. Ba ya nufin cutar ba ta ɓuya a jikinsa, domin takan yi watanni kafin ta fito. Idan karen ya zo da sabon raunin cizo da ba a san wace dabba ta yi ba, kuma ba shi da rigakafi, killacewar takan kai wata 4 zuwa 6, likita ne zai yanke. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ya wuce asibiti a ranar, ko Asibitin Tarayya na Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya fara allura. Kada a tsaya jiran ganin yadda karen zai yi, kada kuma a dogara da gashin karen da ake ƙonawa a shafa.

Sai allurar haɗaka da likitoci ke kira DHLPP, mai kare shi daga cututtuka biyar. Babban kare da ba a san tarihinsa ba a yi masa sau biyu, tsakani mako 3 zuwa 4. Mafi muni cikinsu ita ce fabo, mai sa amai da zawon jini mai wari, wadda ƙwayarta ke yin watanni a ƙasa. Ruwan wankin gida na yau da kullum ba ya kashe ta. A kwashe kashi, a wanke da omo, sannan a zuba bilic irin Jik ko Hypo, kofi 1 cikin kofi 20 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye, ya bushe kafin kare ya koma.

Tsutsar ciki: fenbendazole miligiram 50 a kowane kilo, kwana 3 a jere, ko ƙwayar da ta haɗa pyrantel da praziquantel, a maimaita bayan mako 2.

Kaska ta fi kashe karnukan nan fiye da yadda ake zato. A ɗaga leɓensa a duba dasashi. Ja-ja mai haske lafiya ne, fari ko ɗorawa alamar jini ya ƙare. Idan ga kasala da zazzaɓi da fitsari mai duhu, a ɗebi jini a duba. Ɗaya daga cikin cututtukan kaska da doxycycline ake maganinta, miligiram 10 a kilo kullum har kwana 28, kuma masu tsayawa a kwana 7 don kare ya warware su ne take dawo musu. Wani irin kuma, babesiya, akwai nau'in da ya fi yawa a pitbul domin yana bin jini lokacin faɗa, saboda haka kare mai tabo a fuska da ƙafafun gaba ya cancanci gwajin ko da yana cin abinci. Allurar samore ta shanu da wasu ke yi wa kare da ƙiyasi don maganin babesiya tana taɓa ƙwaƙwalwa idan ta ɗan wuce ƙima, hannun likita kawai ya dace da ita.

Ƙazuwa ma ta saba da su, gashi ya zube a kewayen ido da baki da tafin ƙafa. Ƙwayoyin taunawa irin Bravecto, mai aikin mako 12, ko NexGard na wata-wata, suna kashe kaska da ƙuma da ƙazuwa gaba ɗaya. Suna da tsada, amma sun fi arha a kan jinya. Abubuwan da ba a kusantar kare da su: baƙin mai, kananzir, Sniper da ota-fiya-fiya, sai farasitamol da ibuprofen da diclofenac na mutane, masu lalata hanta da ƙoda da tsaga ciki.

Ciyar da wanda ya sha yunwa

Nan tausayi ke yin kisa. Karen da haƙarƙarinsa da ƙashin ƙugunsa suka fito, idan aka cika masa kwano rana ɗaya, sinadaran jininsa sukan rikice, zuciya ta tsaya cikin kwana 2 zuwa 5. A fara da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau 4 zuwa 6 a yini, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai cikakke a mako guda. A kwanakin nan nama da ƙwai su fi tuwo yawa.

Lafiyayye mai kilo 20 yana cin kamar giram 300 na busasshen abincin karnuka a rana, safe da yamma. Mai dafawa a gida ya haɗa shinkafa ko tuwon masara marar miya da nama ko kifi ko tumbi da huhu daga kwata, naman ya kai aƙalla sulusi, da ɗan kabewa ko karas. A daka ɓawon ƙwai ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na abinci. Ragowar abincin gida ba ta yi, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare. Goro, cakulan, zabibi da dafaffen ƙashi duk haɗari ne.

Auna halinsa

Ba a gwada kare a kwana ukun farko. Tsoro yakan sa mai kirki ya yi gurnani, ya kuma sa mai haɗari ya yi lamo. Halin gaskiya yana fitowa ne daga mako na 2 zuwa na 3, wani sai wata 3. A sami littafi a riƙa rubuta abin da aka gani kullum, domin gwajin rana ɗaya bai isa shaida ba.

Abin lura shi ne jikinsa. Kare mai sakin jiki, yana karkaɗa ƙugu tare da bindi, yana kawar da ido, alama ce mai kyau. Wanda ya sandare, ya rufe baki, ya kafe ka da ido, bindi a sama yana ɗan rawa, to ja da baya, wannan kaɗa bindin ba na murna ba ne. Lasar leɓe, hamma ba barci, da fitowar farin ido, duk yana cewa an takura shi. Kada a doke shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, wanda aka hana gargaɗi kuwa sai ya ciji ba sallama.

Kafin kowane gwaji a saba masa da takunkumi, irin mai kama da kwando wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki. Na yadi mai matse baki yana iya kashe shi da zafi. A sa ɗan dafaffen nama a ƙasan kwandon ya zura hanci da kansa, sau 10 a zama ɗaya, kwana 3 ko 4 kafin a fara ɗaure maɗaurin, daga daƙiƙa 5 a yi ta ƙarawa.

Daga nan a bi da shi mataki-mataki. Yana yarda a taɓa kunne da ƙafa da wuya? Idan yana cin abinci aka wuce kusa, yana sandarewa a kan kwano? Maganin wannan shi ne a riƙa jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi a wuce, ba a fizge kwanon ba. Yaya yake da baƙo namiji mai babbar riga da hula, da mace mai hijabi, da mai sanda, da mai babur? Kare da yawa bai taɓa ganin wasu daga cikin waɗannan kusa ba.

Da sauran karnuka, a fita waje inda ba yankin kowa ba, kowane kare da mai riƙe shi, a yi tafiya gefe da gefe da tazarar mita 10, a riƙa matsowa cikin kwanaki. Ba a haɗa su gaba da gaba. A sani cewa pitbul da yake wasa da kowa yana wata 8 yana iya daina jure wa karnuka idan ya kai shekara 1 da rabi zuwa 3, musamman jinsinsa. Wannan ba lalacewa ba ce, girma ne, sai dai a nema masa gidan da zai zauna shi kaɗai. Ƙin karnuka daban, ƙin mutane daban, kada a haɗa su a hukunci.

Gwajin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, a nan kuwa shi ne kan gaba: awaki, tumaki, kaji, zabi da tantabaru. Da takunkumi da igiya a hannu, a wuce da shi nesa da garke. Idan ya duba ya kawar da kai da aka kira shi, akwai fata. Idan ya kafe, jiki na ɓari, ko nama aka miƙa bai gani ba, to ba zai zauna gidan da ake kiwo ba, ko ragon layya na mako biyu ne.

Idan faɗa ya ɓarke, ba a sa hannu kusa da kai, ba a kuma ja da ƙarfi, ja yana yaga nama. Mutum ɗaya ya riƙe abin wuyan ta baya ya danne ƙugun tsakanin gwiwoyinsa, ya zura gajeren katako mai faɗi da aka fere bakinsa a bayan turamen haƙora ya murɗa kamar totur, baki zai buɗe. Wani ya janye ɗaya karen nan take. Katakon ya zauna rataye a ƙofar ɗaki.

Motsa jiki minti 30 zuwa 45 sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar sakaliya. A ɗora bayan hannu a kwalta, idan ba a jure daƙiƙa 5 ba to zai ƙone masa tafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39.2 ne. In ya fara haki ba tsayawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a kwara masa ruwan randa a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, a nufi likita.

Kafin ya bar hannu a yi masa fiɗiya, macen a cire mata mahaifa, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Ba ya sauya hali gaba ɗaya, amma yana rage yawo, yana kuma kore masu neman karen don kasuwanci. Aikin da ya gagara a gida akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Wa za a ba wa

Malamai sun bayyana halaccin riƙe kare don gadi, kiwo, gona da farauta, hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kuma sananne ne. Wanda zai karɓa ya san haƙƙin ci da sha da inuwa ya hau kansa. Ya kuma san cewa pitbul da yawa ba su iya gadi ba, son mutane ya yi musu yawa. Masu kulle shi a duhu, su ba shi barkono ko ƙwaya wai don ya yi zafi, abin da suke samu shi ne karen da zai ciji ɗansu.

A je a ga gidan da ido. Katanga ta kai? Ƙofar gida tana zama a buɗe? A gidajenmu zaure hanyar kowa ce, almajiri da ɗan garuwa da 'yar talla da yaran maƙwabta duk suna shigowa ba sanarwa, don haka dole ƙofa biyu su raba karen da zaure. A ji ta bakin uwargida, domin ita ce ke yini da shi. Idan haya ce, sai da yardar mai gida da sauran 'yan haya. Gida mai yara ƙanana 'yan ƙasa da shekara 7 sai karen da aka tabbatar da sanyinsa, kuma ko shi ba a barinsa da yaro ba babba, ko na minti ɗaya.

Tambayoyin mai nema suna tona shi. Wanda ya fara da "yana cizo kuwa?" ko "zai iya kayar da na wane?", ko ya ce shi marar fiɗiya yake so, ko yana sauri a ba shi yau, a ba shi haƙuri. 'Yan farauta ma ba mu ba da shawara ba: cikin taron karnuka faɗa zai yi, doguwar tafiya a rana kuma karen gida ya fi shi juriya nesa ba kusa ba.

A faɗi aibin karen duka, a rubuce. Ɓoye cewa ya taɓa kashe akuya ko ya taɓa kai cizo cin amana ne, kuma wani ne zai biya da jikinsa. A yi takarda, mai unguwa ko wani dattijo ya sa hannu: ba sayarwa, ba haɗa faɗa, ba sarƙa, rigakafi duk shekara, in ya gagara a dawo da shi inda aka karɓa. A haɗa shi da katin allura, takunkumi, igiyarsa da abincin mako guda, sabon abinci kuma a riƙa gauraya shi da tsohon har kwana 7 don gudun zawo. A leƙa bayan mako 1, wata 1 da wata 3.

Akwai karen da ba a bayarwa. Wanda ya ciji mutum cizo mai zurfi ya riƙe yana girgiza kai, ko ya maimaita, ko ya kai wa yaro hari ba tare da gargaɗi ba, bayan likita ya tabbatar ba ciwo ne ke sa shi ba, bai kamata a tura shi wani gida ko a sake shi a bayan gari ba. Likitan dabbobi ya yi masa allurar da zai tafi cikin barci, ba guba ba, ba duka ba. Idan cizon bai cika kwana 10 ba, a jira su cika yana killace, ko likita ya aika kan karen gwajin haukan kare, sannan a binne gawar a rami mai zurfin mita 1 aƙalla, nesa da rijiya.